Yadda na kwaikwayi zanen furannin Rachel Ruysch, matar da ta haifi goma kuma ba ta ajiye buroshi ba

Tun da muka dawo Holan da zama saboda aikin Abban yara abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne lokacin sanyi, ƙarfe huɗu da rabi na yamma gari ya yi duhu, yara sun ci sun kwanta da wuri mutum ya rasa inda zai sa kansa. Shi ya sa da na ga an manna takarda a cibiyar unguwarmu wai akwai ajin koyon zane da fentin mai da daddare ban yi wata-wata ba na rubuta sunana. Dama tun ina sakandare nake ɗan taɓa zane da fensir.

Malamar tamu wata dattijuwa ce da ta yi ritaya daga aikin gyaran tsofaffin zane-zane, irin waɗanda suka yi shekara ɗari uku sun dafe ko sun tsattsage. Ranar farko ta ce kowa zai zaɓi tsohon zane guda ya kwaikwaya, kuma ba yadda ya ga dama ba, yadda masu shi suka yi shi mataki-mataki. Wasu suka ɗauki fuskokin mutane, wani ya ɗauki jirgin ruwa. Ni na ce Malama ni fa ba na zana mutum ba na zana dabba. Ko a jikinta, ta ce to ai ke kin huta, fure za ki yi, kuma tunda fure ne gara ki fara da wadda ta fi kowa. Ta rubuta min suna a ƴar takarda, Rachel Ruysch, ta ce kar in sake in taɓa buroshi sai na je na ga aikinta da idona, ba a waya ba.

Haka na kama jirgin ƙasa zuwa birnin Hague, gidan tarihin da ake kira Mauritshuis. Ƙaramin gida ne idan aka gwada da babban gidan tarihin Amsterdam, wato Rijksmuseum, kuma kusan duk wanda ya shigo wajen sanannen zanen yarinya mai ɗan kunne na mai zane Vermeer yake nufa, an yi dafifi kowa ya ɗaga waya, ni kuwa na samu nawa zanen ba kowa a gabansa na tsaya son raina. A 1700 ta yi shi. Bayan baƙi ne wuluk, furannin kamar su ne ke ba da haske da kansu, masu fari da ruwan hoda a tsakiya, masu duhu suna ja da baya suna nutsewa cikin baƙin. Abin da ya fara ba ni mamaki, furannin ba sababbi ba ne, sun fara langaɓewa, wasu sun sunkuyar da kai, har akwai kara guda da aka yanke furensa aka bar gurbin a fili. Kuma duk yadda na matsa kusa, har mai gadi ya fara kallona, ban ga sawun buroshi ba ko ɗaya. Sumul. A raina na ce wannan mata da me ta yi aiki?

A hanyar dawowa na fara karanta tarihinta. A Hague ɗin aka haife ta a 1664, tana ƙarama suka koma Amsterdam. Babanta Frederik Ruysch babban likitan fiɗa ne kuma malamin ilimin tsirrai, mutum ne da ya shahara wajen adana sassan jikin mutum da dabbobi a cikin kwalabe su yi shekaru ba su lalace ba, gidansu ya zama kamar gidan kallo, baƙi daga ƙasashe suna zuwa gani. Har Sarkin Rasha Peter ya zo, daga baya a 1717 ya saye tarin gaba ɗaya a kan gilda 30,000, kuɗin Holan na lokacin, aka kwashe zuwa Saint Petersburg. To ku duba yarinyar da ta tashi a irin wannan gida, busassun tsirrai ta ko'ina, ƙwari a jere a akwatuna, uba mai koyar da ɗalibai a lambun tsirrai na birni inda jiragen ƴan kasuwa ke kawo iri daga Afirka ta Kudu da Asiya da Amurka. Kakanta na wajen uwa kuma Pieter Post, sanannen mai zanen gine-gine ne. Tana shekara 15 aka kai ta koyon aiki wajen Willem van Aelst, wanda a lokacin ba a yi kamarsa a Amsterdam wajen zanen fure da ƴaƴan itace. Ƙanwarta Anna ma ta yi zanen.

Da na koma aji Malama ta ce zanen ya yi min girma, tsayinsa ya kusa santimita 80, in yanki tsakiyar kawai, manyan furanni ƴan kaɗan da ganye da ɗan gefen kwalbar. Na sauke hoton daga shafin gidan tarihin na kai aka buga min shi babba.

Mataki na farko ba zane a ciki sam. Kanbas, wato ƙyallen da ake zane a kai, muka ɗaure a katako, muka shafe shi, sannan muka bi da wata kala mai ruwan ƙasa-ƙasa da toka-toka, don mutanen wancan zamani yawanci ba sa farawa a kan farin ƙyalle. Dalilin, in ji Malama, idan ƙasan fari ne duk kalar da ka ɗora sai ta yi maka kamar ta yi duhu, idonka ya ruɗe, amma a kan tsaka-tsaki kana ganin haske a matsayin haske duhu a matsayin duhu. Muka shafa, muka bari ya bushe, muka goge da samfefa mai laushi, muka sake shafawa. Na dawo gida Abban yara ya ce ina zanen, na nuna masa hoton allo mai kalar laka, ya yi shiru ya ce Allah ya ba da sa'a.

Sai aka fitar da siffar furannin da alli, sama-sama. Bayan nan ne aka zo matakin da ya fi kowanne muni a ido, kowane fure za ka ɗora masa dunƙulen kala guda ba wani ado, inda furen ruwan hoda zai zauna ka sa ruwan hoda mara haske, inda ganye zai zauna ka sa kore mai toka, sannan ka cike bayan da duhu ka zagaye su. Idan ka ja baya ka kalla sai ka rantse ɗan firamare ne ya yi. Wata da ke kusa da ni a aji a nan ta karaya ba ta sake zuwa ba. Amma fa duk abin da zai zo daga baya a kan wannan yake tsayawa, don fentin da za a ɗora sama siriri ne, na ƙasan yana leƙowa ta cikinsa, kuma ba a zana fure a kan baƙi, sai dai a bar masa wurinsa tun farko, in ba haka ba baƙin zai cinye haskensa komai yawan farin da ka zuba.

Daga nan sai jira. Wallahi rabin aikin nan jira ne. Fentin mai ba kamar na ruwa ba ne da za ka shafa ka juya ya bushe, kwanaki yake ɗauka, wata kalar ma fiye da mako, ja da baƙi su ne gaba wajen taurin kai. Kuma akwai doka, shafin ƙasa a rage masa mai, kowane na sama a ƙara masa man linsid kaɗan, wato man da ake dama fentin da shi, idan ka juya lissafin na sama zai riga na ƙasa bushewa bayan shekaru ya tsage. Malama ta ce rabin abin da ta yi rayuwarta tana gyarawa aikin masu gaggawa ne.

A cikin wannan jiran ne ta kawo mana ainihin furanni aji, wardi guda ta sa a kofi ta ce kowa ya ajiye hoto ya zana wannan. Ɗakin da ɗumi saboda hita, kafin mu tashi furen ya buɗe ya canja kama, wanda na fara zanawa ba shi ne a gabana ba. Mako na zagayowa kuwa sai kara. Nan ta ce to yanzu ku faɗa min yadda za a yi mutum ya jera furanni talatin a kwalba ya yi wata da watanni yana zana su. Ashe tarin furannin nan da muke gani a tsofaffin zanen Holan ba su taɓa haɗuwa a kwalba ɗaya ba. Furen tulif na farkon bazararsu ne, wardi sai an shiga zafi, wasu sai kaka, wasu ma ba a ƙasar suke fitowa ba sai a ɗakin gilas na lambun masu kuɗi. Mai zane yana bin su ɗaya bayan ɗaya ne idan lokacinsu ya yi, ko ya zana a takarda ya ajiye, sannan ya haɗa su a kansa ya tsara inda kowanne zai zauna. Akwai wani mai zanen fure Jan van Huysum da suka yi zamani tare da Rachel, ya taɓa rubuta wa mai ba shi aiki wasiƙa yana ba da haƙuri cewa zanen bai ƙare ba saboda bai samu rawayan wardi ba a wannan shekarar. Wasu zanen nasa ma shekaru biyu daban-daban yake rubutawa a jiki.

Wannan ya sauya min yadda nake kallon aikin gaba ɗaya. Da ina yi mata kallon mai kwafar abin da ke gabanta da kyau ne kawai, alhali duk tsarin nan, yadda furannin ke karkata daga wannan kusurwa zuwa waccan, wanda ya juya mana baya muna ganin ƙeyarsa, karan da ya lanƙwaso ya faɗo kan tebur, duk daga kanta ta fitar.

Da ƙasan ya bushe aka fara ainihin aiki, fure ɗaya a zama ɗaya. Ana haɗa kala uku ko huɗu na furen tun daga mai haske har mai duhu, a ɗora kowanne a wurinsa da ƙaramin buroshi, sannan a ɗauki wani busasshen buroshi mai laushi sosai a riƙa shafa bakin inda suka haɗu a hankali har sawun ya ɓace. Amsar tambayar da na yi a gidan tarihi ke nan. Hannu kuwa ba a ɗora shi a kan zanen, akwai sanda mai dunƙulen fata a kai da ake jinginawa a gefen katakon a ɗora tsintsiyar hannu a kanta. Farkon riƙe ta sai da kafaɗata ta yi tsami.

Farin fentin da Rachel ta yi amfani da shi na dalma ne, mu kuwa na zamani muka samu wanda sai a ƙarni na 20 aka fara yin sa, don na dalmar guba ne kuma samunsa a shagunan nan da wuya. Malama na da ɗan gwangwani nata na da, ta lakato min kaɗan na gwada a gefe da safar hannu, gaskiya akwai bambanci, na dalmar yana da ɗumi yana jan zare a bakin buroshi, namu kuwa fari ne fat mai sanyi, idan ka haɗa shi da ja sai ya ba ka kalar alli. Sauran kalolin ma kowanne da labarinsa. Shuɗi mai tsada daga dutse ake niƙa shi wanda ake haƙowa a Afganistan. Ja mai zurfi daga wani ɗan ƙwaro ne da ke zama a jikin wata shuka mai ƙaya a Meziko. Kore kuwa sau da yawa shuɗi ne aka bi da rawaya a sama, kuma wannan rawayan na tsiro ne yana kodewa da hasken rana, shi ya sa idan kun lura a wasu tsofaffin zanen ganyen ya koma shuɗi-shuɗi, ba haka mai shi ya bar shi ba, rawayan ne ya gudu.

Matakin da na fi so shi ne na bayan wannan. Ana ɗaukar jan fenti ɗan mitsitsi a sake shi da mai har ya zama kana hango abin da ke ƙasansa, a shafa a cikin lungun furen, a goge rabinsa da ƙyalle, a bari ya bushe, a sake. Tamkar yadda ake tsoma zane a marinar Ƙofar Mata a fitar a sake tsomawa, kowane tsomi launin na ƙara kamawa. Da aka yi na farko ban ga komai ba. Sai can wata rana na shigo aji na hango nawa daga bakin ƙofa a jingine, furen ya yi ciki, kamar za ka iya zura yatsa tsakanin ganyayyakinsa. Na daɗe a tsaye da jakata a kafaɗa.

To a nan ne tarihin matar ya fara yi min ma'ana ta daban. A 1693 ta auri Juriaen Pool, shi ma mai zane ne amma na fuskokin mutane, suka haifi ƴaƴa goma. A 1701 ƙungiyar masu zane ta Hague ta karɓe ta, ita ce mace ta farko a cikinsu. A 1708 basaraken Düsseldorf a Jamus, Johann Wilhelm, ya naɗa ta mai zanen fadarsa, kuma bai tilasta mata tarewa can ba, tana Amsterdam da iyalinta tana aiki tana aikawa, har ya rasu a 1716. Zanenta guda ana saye gilda 750 zuwa 1,200, a ƙasar da ƙwararren mai sana'a ke samun wajen 300 a shekara, kuma mai zane Rembrandt da duniya ke ta yayatawa yanzu da wuya ya karɓi sama da 500 a zane ɗaya yana raye. Kamar wannan bai isa ba a 1723 suka ci lotiri na gilda 75,000. Wani dai Allah ya tsaga da rabonsa.

Kowa ya ji labarin nan abin da yake fara cewa shi ne ƴaƴa goma, ta yaya? Umma ma da na ba ta labari a waya cewa ta yi, ke biyu kawai gare ki kina kukan ba lokaci. Na ce Umma a yi min adalci mana. Matar nan ƴar babban gida ce, kayan aikin da wasu ke biyan kuɗi su gani ita a falonsu ta tashi ta same su, mijinta ya san sana'ar ba zai ce me kike yi tun safe a ɗaki ba, kuma kuɗin zane ɗaya ya ishe ta ɗaukar masu taya ta aikin gida. Ba na son yadda ake ɗaukar irin wannan labari a riƙa dukan sauran mata da shi. Amma kuma akwai abin da sai da na riƙe buroshin na gane, irin wannan aiki yana karɓar katsewa. Fure ɗaya yau, a ajiye, dole ma a ajiye don sai ya bushe. Ni kaina daga baya na dawo da nawa gida ina yi bayan sallar isha, in yaro ya farka in tashi, ba abin da ke lalacewa, gobe yana nan inda na bar shi. Abin da ba ya jira shi ne ɗanyen fure, shi kam ranar da ya buɗe ranar za ka bi shi ko ka jira baɗi.

Saura ƙwari. Zanenta cike yake da su, tururuwa na hawa kara, tsutsa ta ci gefen ganye ta bar huji, malam-buɗe-littafi, katantanwa, a na farko-farkonta ma har da ƙadangaru a gindin itace cikin gansakuka. A wasu ma an gano ainihin fiffiken malam-buɗe-littafi ta danna a kan ɗanyen fenti ƙurar kalar ta manne, sannan ta gyara da buroshi, dabarar da wani Otto Marseus van Schrieck ya riga ta yi. Ni dai na ce da Malama ƙwarin na bar wa mai su. Ta ce to aƙalla ki yi hujin da suka ci a ganye, in ba haka ba furenki zai yi kama da na roba. Gaskiyarta, ganyen da na yi wa huji da ɗan bushewa a baki shi ya fi kowanne kama da gaske.

Ɗigon raɓa shi ne na ƙarshe kuma abin dariya shi ya fi sauƙi. Ɗan duhu ta ɓangaren da haske ke shigowa, ɗan haske ta ɗaya ɓangaren, ƴar inuwa a ƙasa, sai ɗigon fari guda da bakin buroshi. Shi ke nan ruwa ya zauna. Na ji daɗinsa har na fara watsa su ko'ina, Malama ta zo ta tsaya a bayana ta ce ruwan sama aka yi a ɗakin? Ta sa na goge aka bar biyu.

Ita Rachel ta yi ta zane har ta haura 80, kuma da ta tsufa sai ta riƙa rubuta shekarunta kusa da sa hannunta, akwai na 1747 da ta rubuta 83. Mijin ya rasu a 1745, ita kuma a 1750 tana da 86. Bayan haka sunanta ya ɗan lafa a bayan na mazan zamaninta, don sai a 2021 ne Rijksmuseum na Amsterdam ya rataye aikin mata a babban zaurensa na girmamawa a matsayin dindindin, nata na ciki tare da na Judith Leyster da Gesina ter Borch, sannan daga ƙarshen 2024 aka yi babban baje kolin aikinta a Munich ta Jamus aka wuce da shi Toledo da Boston a Amurka. Shekara kusan 275 bayan rasuwarta fa.

Nawa yanzu yana saman kwaba an juya fuskarsa bango saboda ƙura, ba za a shafa masa banish, man ƙyalli da ke kare zane, ba sai ya yi aƙalla wata shida, don fentin mai ko ya bushe a taɓawa cikinsa bai gama ba. Idan aka ajiye shi kusa da hoton na asali bambancin a fili yake, nata gefen furannin na narkewa cikin duhu nawa kuwa kamar an yanko an manna, kuma ganyena sun yi kore da yawa. Na so in sa hannu a gaba da shekaruna yadda take yi, Malama ta ce a'a, kwafi ba a sa masa hannu a gaba, a baya za ki rubuta cewa kwaikwayon aikin Rachel Ruysch ne na 1700 da sunanki da shekarar da kika yi, don ta sha ganin irinsu bayan shekara ɗari sun yi datti wani ya kai kasuwar gwanjo yana rantsuwa na asali ne. Abban yara ya ce in dai wannan ne a kwantar da hankali ba wanda zai ruɗe, amma duk da haka ya riga ya buga ƙusa a falo. Zango mai zuwa Malama ta ce ba hoto, kowa zai sayo furanninsa ya tsara da kansa, na riga na fara zagaya kasuwar ranar Asabar ina tambayar masu fure wanne ke fitowa a wane wata.